Sahun 'Yan Bayan Ishaku

Ni ne Kalilu, mai shagon nan da ke daf da shingen boda a Jibiya, inda motocin Maraɗi ke tsayawa. Hoton takardu nake yi wa direbobi, amma a 2006 na sa kwamfuta uku da intanet mai tafiyar hawainiya. Da 'yan Hisba suka leƙo, na nuna musu abin da mutane ke kallo: koren fili da ɗigo-ɗigo goma sha ɗaya, ba mace, ba kiɗa, ba caca. Suka yi mini fatan alheri suka wuce.

Wasan ƙwallo ne na intanet. Ba kai ke bugawa ba. Kai dai ka jera 'yan wasanka a fili, ranar Asabar bayan la'asar kwamfuta ta haɗa ka da wani, ta riƙa rubuto abin da ke faruwa layi-layi. In an tashi, kowa na da damar aika wa abokin karawarsa saƙo guda ɗaya.

Wanda ya fi kowa naci shi ne Ishaku, ma'aikacin duba dabbobi a boda, Kirista ne mutumin kudancin Kaduna. Na ɗauka son ƙwallo ne, ashe ba haka ba. Lokacin da aka fara Shari'a, ƙanensa Bala ya matsa masa ya nemi canjin wurin aiki ya koma gida. Ishaku ya ƙi, ya ce shi ba wanda ya taɓa shi a Jibiya. Ana cikin wannan ja-in-ja mahaifiyarsu ta rasu, kafin ya isa an binne ta. Tun daga ranar Bala ya ɗauke masa wuta, shekara huɗu ko waya ba ya ɗagawa. Matar Ishaku ce ta jiyo cewa Bala na wannan wasa a Kaduna, har da sunan rukuninsa, shi ya sa bawan Allahn nan ya shiga.

Da suka yi karon farko Bala ya zuba masa biyar, ya aiko da saƙo: "Gyara 'yan bayanka." Ba gaisuwa, ba suna. Amma wallahi Ishaku ya wuni yana washe baki kamar an yi masa ƙarin girma.

To, ga inda matsalar take. Saura wasa ɗaya kakar wasan ta ƙare, kuma da Bala ne. In Ishaku bai samu ko canjaras ba, zai faɗa rukunin ƙasa, shi da ƙanensa ba sauran haɗuwa, ba sauran saƙo. Mutumin ya rame, ya daina cin tsiren da yake sayo mana da yamma. Ni kaina tausayinsa ya kama ni, sai dai haushinsa ya fi yawa.

Me ya sa ba zan ji haushi ba? Ka san yadda yake jera 'yan bayansa huɗu? Ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, daga tsakiyar fili har gaban gola. Na yi magana har na gaji. Cewa yake haka ake tsare hanyar Katsina: wanda ya tsallake shingen farko, na biyu ya kama shi, in ya tsallake na biyu, ga na uku. Na ce masa ɗan ƙwallo ba motar shinkafa ba ne, ba dole sai ya bi kwalta ba. Kuma muddin na ƙarshe na maƙale da gola, har abada ba za a kama kowa da satar gida ba. Ya ce ni mai hoton takardu ne, me na sani game da tsaro.

Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga Maɗugu. Direba ne mutumin Maraɗi, mai wata tsohuwar Fijo, kuma shi ke gyara sahu a masallacin tasha. In ƙafarka ta fita da taki ɗaya sai ya jawo ka da riga. Ya tsaya bayan Ishaku ya ƙura wa allon ido, ya ce shi bai san balo ba, haka suke ce wa ƙwallo, amma ya san mutanen da ba su tsaya daidai ba.

"Malam Ishaku, waɗanga huɗun naka ba su da limami ne? Matsa."

Ya karɓi linzamin kwamfutar yana riƙe da shi kamar giyar mota. Ya jawo ɗigon nan huɗu ya shimfiɗa su a layi ɗaya. Na ce alhamdulillahi, yau an samu mai hankali. Ban rufe baki ba ya fara matse su, kafaɗa da kafaɗa, diddige da diddige, har suka cure a gaban raga. Na ce Maɗugu, dubi gefen dama da hagu, ai tirela ma sai ta wuce. Ya ce shi tun da yake bai taɓa barin kafa a sahu ba, ba kuma yau zai fara ba.

Na juya wurin Ishaku ina jiran ya hana. Ina! Ya ce shekara tara yana kallon sahun Juma'a ta tagar ofis, bai taɓa ganin abin da ya ratsa shi ba. Ya danna, jeri ya kulle. Na ce su tashi su bar mini shago, ba wanda ya motsa.

Asabar shago ya cika da direbobi da 'yan dako, na tada janareta. Ishaku na gaba, ya haɗa tagumi. Rubutu ya fara fitowa. Ƙungiyar Bala ta samu ƙwallo, ta mayar wa golanta. Ta sake samu, ta sake mayarwa. Ina ta jiran a ɓullo ta gefe a yi mana ruwan ƙwallaye, shiru. Duk layin da ya fito Maɗugu sai ya shafa gemu ya dube ni. Haka aka cinye minti casa'in ba wanda ya ko harari raga. Canjaras, Ishaku ya tsira.

'Yan dako suka ɗaga Maɗugu sama. Ni kuwa abin bai kwanta mini ba, don na san wannan jeri ko yaran ƙauyen Farfaru sai sun ci shi. Na jawo kujera na buɗe jerin Bala, wanda sai an tashi ake iya gani. Mutum goma duk a bayan layin tsakiya. Ba ɗan gaba ko ɗaya. Gwanin cin ƙwallonsa, wanda ya zuba mana uku wancan karon, yana zaune a benci lafiyarsa ƙalau.

Na taɓa Ishaku na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Da farko ya ɓata rai, ya ce wai wannan yaron da ya goya ne zai ji tausayinsa? Yana cikin faɗa saƙo ya shigo, na karanta a fili don kowa ya ji:

"Yaya, wa ya koya maka wannan jeri? Don Allah ka kore shi."

Shago ya kwashe da dariya, Maɗugu na rantsuwa hassada ce. Ishaku kaɗai bai yi dariya ba. Ya matso da fuska daf da allon, ya sa yatsa a kan kalmar farko, idonsa ya kawo ruwa.

"Kalilu, sake karanta mini farkon."

Na sake. Ya miƙe ya fita bakin titi, ya lalubo waya a aljihu. Muka bi shi da kallo ta ƙofa, har Maɗugu. Sau biyu ta yi ƙara aka ɗaga.