Littafin da Aka Buɗe ta Baya

Sau uku Malam Haladu yana zagaya rumfar Maikano mai sayar da littattafai kafin ya tsaya. Ran Juma'a ce, kasuwar Wudil ta cika maƙil, kukan shanu daga kara yana kaiwa har bakin kogi. Ya yi ta leƙen kwalaben tawada kamar su ya zo saye, alhali kowa ya san shi yake dafa tawadarsa da hannunsa.

"Allah ya gafarta Malam, yau kai ne da kanka?" in ji Maikano, yana jawo masa tabarma. "Ina gajiya? Yaya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri da godiya."

Maikano ya fara zaro masa littattafan ajami, na waƙoƙin wa'azi da ƙissoshin mutanen da. Malam ya girgiza kai, ya waiga dama da hagu, ya rage murya.

"Ba waɗannan ba. Na boko nake so. Sabo, na labari."

Maikano ya saki baki. Wannan fa shi ne mutumin da yake kiran rubutun boko sawun kaji, wanda ya ce duk littafin da marubucinsa ke raye bai nuna ba tukuna.

Abin da Maikano bai sani ba, saƙo ne ya kawo shi, kuma mai saƙon tana kabari. Shekara arba'in Malam yana karanta wa matarsa Barakatu tsofaffin littattafansa bayan la'asar, tana zaune a bayansa tana kaɗin auduga. Tana son su, amma takan katse shi. "Malam, mutanen nan naka duk sun mutu tun kafin kakan kakana. Masu rai ba a rubuta labarinsu ne?" Shi kuwa sai ya yi tsaki ya ci gaba.

Da ciwo ya kwantar da ita farkon damina, Murja 'yar maƙwabta, wadda ke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ta ba ta labarin sababbin littattafan da ake kawowa daga Zariya. Wai a cikinsu har akwai mace da ta hau mota. Barakatu ta ce, "In ka shiga kasuwa ka samo mini ɗaya, Murja ta karanta mini." Ya ce to. Ya zo har bakin rumfar nan, ya tarar da malamai 'yan uwansa a zaune, kunya ta kama shi, ya koma ya ce mata ba a kawo ba. Juma'a ta biyu ma haka ya ce. Ba ta kai ta uku ba.

Tun daga ranar karatu ya gagare shi. Da ya buɗe littafi bayan la'asar sai ya ji ƙarar mazarinta a bayansa, sarai, ba gizon kunne ba. In ya kai inda ta saba katse shi, sai ya tsaya yana jira. Ba ta magana. Shirun nan ne yake cin ransa, don ya san abin da take jira.

"Wane iri Malam yake so?" Maikano ya tambaya. "Akwai na wani direba maƙaryaci, mutane na dariya ƙwarai."

"Ban zo neman shiririta ba. Ina son mai Hausa mai nauyi, irin ta da. Amma mutanen ciki su zama masu cin tuwo irinmu."

Maikano ya yi tunani, ya zaro wani siriri mai koren bango. Ya ce na wani falke ne da ya bar gida da niyyar wata biyu, ya yi shekara bakwai. Malam ya karɓa, ya auna shi a tafin hannu, ya taɓe baki don rashin nauyinsa. Ya yi bisimilla, ya buɗe ta dama kamar yadda ya saba buɗe kowane littafi tun yana yaro, ya ɗora yatsa a shafin.

"Karanta mini daga nan, in ji ɗanɗanonsa."

Maikano ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi furfurar Malam, ya fasa. Ya karanta a hankali:

"Ya tsaya a ƙofar gida, ya kasa sallama. Duk hanya yana shirya ƙaryar da zai yi mata, da ya ga zauren sai ta gudu daga kansa. Ta fito da ƙwaryar ruwa, ta dube shi tun daga rawani har takalmi. Ba ta tambaye shi tsaraba ba. Ta miƙa masa ruwan, ta ce, Ka daɗe."

Maikano ya tsaya a nan. Malam bai ɗago ba. Hayaniyar kasuwa ta yi masa nisa.

"Sai me?" ya ce da kyar. "Ci gaba mana. Ta yafe masa?"

"Ai ya ƙare, Malam."

"Ya ƙare? Daga farawa?"

"Allah ya gafarta Malam, laifina ne da ban faɗa ba. Shi boko ta hagu ake buɗe shi. Ƙarshen ka ba ni. Bari in juya mu faro daga farko."

"Bar shi," in ji Malam. "Ni ma ta ƙarshen na zo."

Ya saya, bai ko taya ba. Bai cusa shi a aljihu ba, a hannu ya riƙe shi, ya bi ta gaban malaman da ke zaune suna jiran lokacin masallaci. Suka bi koren bangon da kallo. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya wuce.

Bayan la'asar ya aika aka kira Murja. Ya shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida, ya zauna a tasa. Murja ta nufi ɗayar, ya ce, "A'a, 'yata, ɗauko kujera. Nan da mai ita."

Yarinyar ta dubi tabarmar da ba kowa, ta dube shi, ta zauna a kujera. Ta buɗe littafin ta hagu, ta gyara murya.

"Dakata," ya ce.

Ya karkata kunne bayansa. Mazarin yana juyawa.

"Na daɗe," in ji Malam Haladu, ba tare da ya waiga ba. "Fara, Murja. Ki ɗaga murya."