Tagar Baba Tela

"Malam, sauke bulon nan!" Uwar Biyu ta daka wa magini tsawa, kumfar wanki na ɗiga daga hannunta. "Ba ka ga taga ba ne? Mutum ne fa kwance a ciki!"

"Ni dai aiki aka sa ni," ya ce, ya ci gaba da yaɓa siminti.

Mai gidan hayar ne ya sa a ja katangar garejinsa dab da ɗakin Baba Tela, tsohon maƙwabcinta da ciwo ya kayar. Taga ɗaya tal gare shi. Ta nan hantsi ke shigowa ya bazu har ƙarƙashin keken ɗinki, ɗan ɗakin ya buɗe kamar falo. Da ta sami mai gida, yana sakace ya ce, "Ai akwai ƙwan lantarki." Ƙwan da sai ka ƙyasta ashana kafin ka gan shi!

Washegari ta kai wa Baba shayi, ta tarar yana lalubar bango.

"'Yata, wa ya matso da bangon nan?"

"Ba wanda ya taɓa shi, Baba."

"A'a, jiya can yake. Rufin ma ya sauko. Ji nake kamar an riga an kai ni."

Ta koma wurin mai gida, ta haɗiye fushinta ta roƙa, "Bulo biyu kawai za a cire, don girman Allah."

"So kike a riƙa leƙa min mota?"

Baba ya daina tambaya ko gari ya waye. Da rana tsaka ya cika, ana haska fuskarsa da fitilar waya.

Ana tashi daga zaman makoki mai gida ya kawo sabon ɗan haya. Mutumin ya leƙa ɗakin Baba, ya ja da baya. "Kai, wannan ai rijiya ce."

"Ƙaramin abu ne," in ji mai gida, ya ƙwala wa magini kira.

"Ashe katangar tana fasuwa!" Uwar Biyu ta ce. "Allah ya isa."

Guduma ta sauka, bulo ya rufta waje. Hantsi ya shigo ya kwanta a simintin da aka share, ya kai har kusurwa, kan shatin ƙafafun gado huɗu.