Kafaɗar Garzali

Tun da hantsi Garzali yake duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Shekararsa biyu yana gadin ƙofar wasu rukunin gidaje a Umm Salal ta ƙasar Qatar, aikinsa ɗaga ƙarfe mota ta shige, ya sauke, ya ce "tafaddal", wato bismillah, ga mutanen da ba su taɓa kallon fuskarsa ba. Amma a gida, a takarda dai, har yanzu shi ne shugaban matasa na kwamitin jam'iyyarsu na ƙaramar hukuma. Ba a cire shi ba, don kowane ɓangare yana tsoron wanda zai maye gurbinsa.

Yau kuwa ranar yayansa ce, Malam Lado. Mutumin da ya shekara ashirin da huɗu yana manna wa wasu fasta, yana kai tsofaffi rumfar zaɓe a bayan babur, sai bana, da furfura ta gama cin kansa, ya ce shi ma yana son takarar kansila. Mazaɓarsu ta kasa sasantawa tsakaninsa da Bashiru, yaron wani ɗan kwangila, maganar ta haura zuwa kwamitin ƙaramar hukuma. Mutum goma sha bakwai ne masu zaɓe, ban da shugaba Alhaji Sunusi, wanda ba ya sa baki sai an yi kunnen doki. Kowa a garin ya san lissafin: takwas na Lado, takwas na Bashiru. Na goma sha bakwan kuma ga shi nan a Qatar cikin kakin gadi, gumi na bin bayansa.

Ya nemi hutu tun wata biyu da suka wuce. Manajan kamfani ya ɗaga kai daga kwamfuta ya ce, "Bayan kwantiragi. Khalas, shi ke nan." Wallahi da ya iya kuka a gaban ƙato, da ranar ya yi.

Ƙarfe ɗaya na rana, sha ɗaya kenan a gida, wayar ta yi ƙara. Mudasiru, abokin aikinsa ɗan Zangon Kumasi, ya karɓi madannin ƙofar daga hannunsa.

"Yalla, maza shiga ɗaki ka yi siyasanka. In supabaiza ya zo zan ce cikinka na ciwo."

Garzali ya shige ɗan akurkin masu gadi ya durƙusa a ƙasan taga, don kada kyamara ta gan shi da waya. Fuskar matarsa Mero ta cika gilashin.

"Baban Sumaiya, an fito. Ga Yaya can ya tsaya."

Ta juya wayar. Ga harabar ofishin jam'iyya, ga bishiyar darbejiyar da ya sani, ga bencin da ƙafarsa ɗaya bulo ne. Ƙato bayan ƙato za a yi: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, shugaba ya bi yana dafa kafaɗar kowa yana ƙirgawa da ƙarfi. Lado ya sha farar shaddarsa ta Sallah, hannaye a baya, kai ka ce ɗalibai zai duba.

"Shiga layin," in ji Garzali. "Ki tsaya ƙarshe, ki ɗaga ni sama."

"Mutane fa na kallona."

"Su kalla! Ɗaga ni, Mero."

Ta ɗaga. Daga sama yake hango ƙeyoyin mutane takwas, ya san kowace hula da ɗankwali. Ga shugabar mata, ga ma'aji da tarinsa, ga sakataren yaɗa labarai da aka yi ta raɗe-raɗin an saye shi, ashe bawan Allah yana nan daram. Zuciyar Garzali ta yi sanyi kaɗan.

Alhaji Sunusi ya fara da layin Bashiru. Takwas. Ya dawo na Lado, yana tafe yana jan babbar riga. "Ɗaya. Biyu." Har takwas. Sai ya iso gaban Mero ya tsaya, ya leƙo cikin wayar har Garzali na ganin gashin hancinsa.

"A'a, shugaban matasa! Ya Qatar? Ya zafi?"

"Alhaji, ina layi. Ni ne na tara."

"To, madalla. Ina kafaɗar?"

Aka kwashe da dariya a layin Bashiru. Garzali ya miƙe tsaye, ya manta da kyamara.

"Alhaji, kana ganina, kana jin muryata! Ni ɗan kwamiti ne ko ba ɗan kwamiti ba?"

"Ɗan kwamiti ne kai, ɗana, ba wanda ya musa. Sakatare, karanto mana abin da muka zartar kan zaɓe ta waya."

Tun kafin sakatare ya buɗe littafin, Garzali ya dafe kai. Ya tuna. Shekara uku da suka wuce, manyan da ke zaune Abuja sun saba bugo waya ranar zaɓe su ce a ƙirga da su, a juya sakamako yadda suke so. Wani matashi mai zafin kai ya miƙe a taro ya buga tebur, ya ce daga yau wanda bai kawo kafaɗarsa ba, ba shi da ƙuri'a, ko ɗan wane ne. Har ɗaga shi aka yi sama ranar.

Sakatare ya karanta a hankali, kalma bayan kalma, mugun. Ya rufe da cewa, "Wanda ya kawo shawara, Garzali shugaban matasa. Wanda ya mara masa baya, Malam Lado."

Wata akuya ta yi kuka a bayan ofis.

"Ai wannan don manya aka yi," in ji Garzali. "Ni aiki ne ya riƙe ni, Alhaji. Ba a ba ni hutu ba."

"Su ma aiki suka ce ya riƙe su." Alhaji Sunusi ya gyara hula. "Takwas da takwas. Doka ta ba shugaba ya raba gardama. Batun kujerarka kuma, tunda an taɓo, sai zama na gaba."

Ya juya, ya taka a hankali, ya je ya tsaya bayan Bashiru.

Ihu ya tashi. Hoton ya karkace, Garzali ya ga ƙasa, ya ga silifas ɗin Mero, ya ji tana cewa, "Innalillahi." Ya yi ta kiran sunanta, ba ta ji. Ga shi da baki, ga hujja cike da ciki, amma ba wanda zai faɗa wa sai firijin ruwan da ke gabansa. Shi ya ɗaure yayansa da hannunsa, tun shekara uku, ana yi masa tafi.

Can sai wayar ta daidaita. Lado ne ya karɓa. Ya riƙe ta nesa da fuska yadda tsofaffi ke yi, idanunsa sun yi ja, amma yana ƙoƙarin murmushi.

"Yaya," in ji Garzali. "Yaya, ka yafe ni. Da na sani..."

"Kai, bari. Dokar mai kyau ce. Ko yau aka sake kawo ta zan mara mata baya."

"Da na zo, da yanzu..."

"Na sani." Lado ya ƙura ido yana duban bayan ƙaninsa. "Wannan ɗakin naka ne? A tsaye kake kwana?"

"Ɗakin gadi ne, Yaya."

Mudasiru ya ƙwanƙwasa gilashi da ƙarfi, yana nuna wata farar mota da ta shawo kwana. Supabaiza ne. Bayansa motoci uku sun yi layi a bakin ƙofa, ɗaya na danna ham.

Lado ya ji ƙarar. Ya gyaɗa kai.

"Je ka buɗe musu, Garzali," ya ce. "Kada can ma a nemi kafaɗarka a rasa."