Mahauci da Mesar Ɗansa

Malam Almu mahauci ne ɗan mahauci. A kwatar Kano ya fara riƙe wuƙa, daga baya ya yi shekara talatin da ɗaya yana yankan nama a wani shagon Turkawa da ke unguwar Edmonton a Landan, har gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukar tsayuwa, ya ajiye aiki. Matarsa Karimatu ta rasu shekara shida da suka wuce. Ta bar masa ɗa guda, Baha'uddeen, wanda aka haifa a Landan da ciwon sikila, yanzu yana da shekara talatin da huɗu.

Tsakanin uban da ɗan babu faɗa, amma babu hira. Shekara uku ke nan Almu bai taka flat ɗin da Baha yake zaune a gidan bene ba, tun ranar da ya ji labarin ɗansa ya sayi mesa ya ajiye ta a akwatin gilashi, har ya raɗa mata suna Ladi saboda ranar Lahadi ya kawo ta. Almu ya ce shi ba zai yi salla a ɗakin da maciji yake kwana ba. Baha ya yi masa bayani sau ɗaya, cewa kare yana bukatar a fita da shi, kyanwa tana bukatar abinci kullum, shi kuwa mutumin da ake ɗauka zuwa asibiti babu sanarwa, dabbar da ta dace da shi ita ce wadda za ta iya jiran kwana goma. Almu ya saurara, maganar ta tsaya a nan.

A sanyin bana ciwon ya kama Baha a ƙirji, aka kwantar da shi. Da aka shiga mako na biyu, likitoci suka ce kada ya sa ran fita da wuri. Wata ranar Talata Almu yana zaune a gefen gadon yana jan carbi, sai Baha ya janye abin numfashi daga fuskarsa ya ce yana da roƙo. Abokinsa Matiyu, direban bas da yake kula masa da Ladi idan an kwantar da shi, ya tafi Kafanchan jana'izar mahaifiyarsa, sai bayan mako uku zai dawo. Ba shi da wanda zai ciyar masa da ita sai mahaifinsa.

Almu ya dubi ɗansa. Tun yaron yana makarantar firamare bai tuna ranar da ya roƙe shi wani abu ba. Ko ruwan sha ne, ma'aikaciyar jinya yake kira alhali ubansa yana zaune kusa da kofin. Saboda haka bai tsaya tunanin maciji ba, ya ce zai yi.

Baha ya jera masa yadda ake yi, rabi da Hausa rabi da Turanci, yana hutawa tsakanin kalmomi. Ɓerayen da take ci suna aljihun ƙasa na firiza, kowanne a ledarsa. A ciro ɗaya a sa a firij ya kwana ya narke a hankali. Washegari a tsoma shi da ledarsa a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, har sai cikinsa ya yi laushi kuma jikinsa ya yi ɗumi kamar na mai rai. A kama shi da dogon hantsaki a miƙa mata. Wanda ta ƙi, a zubar, kada a mayar da shi firiza. Almu yana gyaɗa kai. A ransa kuwa yana cewa, yau shi ake koya wa yadda ake narkar da nama.

Washegari da hantsi ya hau lif zuwa hawa na tara. Ɗakin yana da tsabta fiye da yadda ya zata, da warin magani kaɗan. Akwatin gilashin yana jikin bango, da wata ƙaramar fitila mai ba da ɗumi a samansa. Mesar ta naɗe a cikin wani kogon itace, kanta kaɗai ya leƙo, baƙi da ruwan ƙasa. Kaurinta bai wuce damtsen mutum ba. Almu ya yi ta'awwizi, ya wuce kicin.

Da ya buɗe aljihun firizar ya ga fararen ɓeraye guda huɗu a jere, ƙafafunsu a dunƙule, sun daskare kamar duwatsu. Shekara hamsin yana ba mutane nama, bai taɓa miƙa wa kowa dabba da gashinta da kashinta a ciki ba. Ya ce a ransa, amana ce aka ba shi, kuma mai amana ba ya yin aikin ganin ido. Idan ɗansa ya saba jefa wa dabbar nan mushe yadda ya zo daga kanti, rashin sani ne da rashin lafiya. Shi zai yi abin da ya fi.

Ya tafasa ruwa ya zuba wa ɓera ɗaya har ya saki. Ya ciro ƙaramar wuƙarsa daga aljihu, ya yi bisimilla, ya ja ta a wuyan ko da yake babu jinin da zai fito. Ya cire kai da wutsiya, ya feɗe fatar ta fita ɗaya babu ko tsaga, ya zare kayan ciki. Sa'an nan ya wanke naman sau uku a ruwan famfo mai sanyi har warin ɓera ya bar shi. Da ya ɗora shi a kan ƙaramin faranti, ya tsaya yana kallonsa, domin aikin ya yi kyau. Ya zura farantin cikin akwatin ya rufe da sauri.

Ladi ta fitar da harshe sau biyu, ta mayar da kanta cikin kogon.

Da ya dawo washegari naman yana nan, ya bushe ya ɗan motse. Almu ya juya farantin a hannunsa, ya ga kamar gefe ɗaya ya ragu. Da yamma Baha ya tambaye shi ko ta ci, ya ce ta taɓa. Fuskar Baha ta saki, ya ce ita dama haka take da baƙo, amma tunda ta fara to shi ke nan. Ranar ya sha kunun da ubansa ya kawo har rabin kofi, abin da bai yi ba tun da aka kwantar da shi.

Bayan kwana goma Almu ya sake gyara na biyu, wannan karon ya yanka shi gida uku don ya yi mata sauƙin haɗiya. Ba ta ko leƙo ba. Ya zubar da shi, ya hau bas zuwa asibiti, kuma tun kafin ya zauna Baha ya tambaya. An yi wa yaron ƙarin jini ranar, idanunsa sun yi rawaya, leɓunansa sun tsattsage. Almu ya ce ta ci. Maganar ta fita da sauƙi fiye da ta farko, wannan ne ya fi damunsa a hanyar komawa gida.

Ya fara zuwa flat ɗin ko ba ranar abinci ba. Yakan canja mata ruwa, ya zauna a kujerar ɗansa yana kallon gilashin. Ya ga kamar ƙashin bayanta ya fara fitowa. Idon mahauci ba ya ɓata wajen gane dabbar da ta rame. Sai ya ɗora laifin a kan naman, ya ce wataƙila ya daɗe a ƙanƙara, na uku kuwa ya ƙara masa wanki.

Ranar da ya kai labarin cewa ta ci na uku, Baha ya ɗan samu sauƙi, an ɗaga masa kan gado. Yana son hira. Ya tambayi ubansa ko ya tsaya ya ga yadda take haɗiya, ya ce abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne yadda take laluben hancin ɓeran kafin ta fara.

"Ta kai ta fara, ko Baba?"

"Wane kai? Ai na cire kan."

Baha ya tambaya a hankali me kuma aka cire. Almu ya ga babu hanyar komawa, ya faɗa masa duka: fatar, kayan cikin, wankin. Yana faɗa yana jin yadda muryarsa take neman a yaba masa, ya kasa hana ta. Baha ya ce mesa da wari da ɗumi take gane abinci, naman da aka wanke da ruwan sanyi a wurinta daidai yake da dutse. Ya ce babu yadda za a yi Ladi ta ci wannan.

"Sau uku na tambaye ka, Baba."

Baha bai ɗaga murya ba. Ya jawo wayarsa, ya ce Matiyu ya dawo shekaranjiya, zai roƙe shi ya zo ranar Asabar ya ɗauke ta zuwa gidansa gaba ɗaya. Ya gode wa ubansa da wahalar da ya sha, irin godiyar da ake yi wa maƙwabci.

Ranar Laraba ce. Ranar Alhamis da la'asar Almu ya je flat ɗin, ya ciro ɓera na ƙarshe ya sa a firij da ledarsa, bai taɓa wuƙa ba. Ranar Juma'a ya yi salla a masallacin Regent's Park kamar yadda ya saba, bai tsaya gaisawa da kowa ba, ya kama hanyar flat ɗin ɗansa. Ya haɗa ruwan ɗumi yana gwadawa da bayan hannunsa. Ya tsoma ledar ya jira, ya canja ruwan da ya huce, ya sake jira. Ya danna cikin ɓeran da yatsa ya ji babu sauran tauri. Da ya buɗe ledar warin ya bugi hancinsa. Ya kama ɓeran da hantsaki ta bayan wuya, da gashinsa da gashin bakinsa da komai, ya zura hannu cikin akwatin, hannun yana rawa.

Rawar hannun ce ma ta sa ɓeran ya yi motsi. Ladi ta fito da kanta, harshenta yana fita yana komawa, ta lanƙwasa wuya. Bai ga lokacin da ta kai sara ba, sai dai ya ji an fizge hantsakin. Ta naɗe ɓeran ta matse shi tsawon lokaci kamar yana da ran da za a cire. Daga nan ta sake shi, ta bi jikinsa da hanci har ta samu kan, ta fara haɗiya. Almu ya tsaya a kan gwiwoyinsa masu ciwo har wutsiyar ta shige. Abin da aka gaya masa tun ranar farko ke nan, bai ɗauki ko awa ɗaya ba.

Matiyu ya iso ranar Asabar da safe da akwatin roba mai huji-huji. Babban mutum ne mai furfura a gemu, har yanzu da alamar gajiyar tafiya a fuskarsa. Ya rusuna ya gaida Almu, Almu ya yi masa ta'aziyyar mahaifiyarsa. Sa'an nan Matiyu ya leƙa gilashin, ya ga kumburin da ke tsakiyar jikinta, ya yi murmushi.

"Sarkin Fawa, an ce kuna ta yi mata balangu ta ƙi. Wannan kuma wa ya ba ta?"

Almu ya ce shi ne. Matiyu ya ce to yau ba za ta ɗauku ba, domin mesar da ta ci idan aka jijjiga ta a mota sai ta amayar, sai dai ranar Litinin. Ya ƙara da cewa kada Baba ya damu, irinsu suna yin wata biyu ba su ci ba kuma ba su mutu ba, ramar da ta yi za ta mayar. Almu ya so a ce masa dabbar ta kusa mutuwa shi ya cece ta. Da aka ce masa ba ta taɓa shiga haɗari ba, sai ya gane cewa ba ita ya yi wa ɓarna ba.

Da rana ya je asibiti. A cikin bas ya shirya yadda zai faɗi labarin, da fizgar hantsakin da laluben kan. Ya tarar zazzaɓi ya dawo wa Baha, an mayar masa da abin numfashi. Ya zauna, ya matso da kujera, ya ce ta ci, jiya bayan Juma'a, ta kai ta fara.

Baha ya ce Matiyu ya riga ya turo masa hoto. Almu ya fahimci cewa sai da hoton ya zo aka yarda.

Ya ce tunda yanzu ya iya, ko za a bar ta a inda take, shi ya ci gaba da zuwa. Zai sayo wasu ɓerayen da kansa idan aka nuna masa kantin. Baha ya janye abin numfashi daga fuskarsa. Ya ce ba ya jin haushi. Amma shi a kwance yake, ba ya ganin komai sai abin da aka gaya masa, kuma ba shi da ƙarfin da zai riƙa auna kowace magana yana neman inda aka rage. Ladi za ta tafi gidan Matiyu ranar Litinin.

Almu ya ce to. Bayan ɗan lokaci ya tambaya ko Matiyu zai yarda ya riƙa zuwa gidansa ranar da ake ba ta abinci, ko da kallo ne kawai. Baha ya ce zai tambaye shi, ya lumshe ido. Almu ya ci gaba da zama yana sauraron numfashin ɗansa, har wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta ja labule, ta ce masa cikin ladabi za su duba majinyacin, ya ɗan jira a waje.