Huda a Gindin Ɗakin Yumɓu

Cikin dare wani abu ya yi ɗum a bayan gida, kamar an saki buhun siminti daga bene, sai kuma ƙananan ƙara suka biyo, kamar haƙoran mai jin sanyi. Tsohon birkila ya tashi zaune. Daga tanderun 'yarsa ne, inda aikinta ya kwana a wuta.

Wata uku ta yi tana gina abin nan da yumɓu, jibi kuma masu baje koli za su zo ɗauka. Shi dai bai taɓa gane kan abin ba. Tsayinsa iya gwiwa. Matakala ta hau ta ƙare a jikin bango, ginshiƙai biyu na tsaye ba su ɗauke da komai, a tsakiya ga ɗaki rufe ruf, ba ƙofa ba taga.

"Wa zai zauna ciki?" ya taɓa tambayarta.

"Ba kowa, Baba. Ba bangon nake ginawa ba, filin da ke ciki nake ginawa."

"Shekara arba'in ina ɗora bulo, ashe iska nake ginawa ban sani ba."

Ta yi dariya. Shi kuwa maganar ta zauna masa. In ya shiga ɗakinsa sai ya tsaya yana dube-dube, ya rasa ta inda filin ya fara.

Wata rana, tun yumɓun bai gama bushewa ba, ya hango 'yar huda a gindin ɗakin, kamar ta ƙusa. Wannan kam ya gane ta. Birkila ba ya barin huda a bango. Ya ɗebo ɗanyen yumɓu ya toshe, ya danne da babban yatsa, bai faɗa mata ba don kada ta ji kunya.

Bayan ƙarar daren nan, sai washegari da yamma tanderun ya huce. Matakalar na nan, ginshiƙan na nan, ɗakin ya tarwatse.

Yarinyar ta durƙusa tana juya gutsattsarin. "Na bar masa hudar numfashi. In ba ita, tururi ba shi da hanyar fita. Ko mantawa na yi? Baba, kana zaune a nan kullum, ba ka ga huda ba?"

Ɗakin da ba kowa ciki, me zai yi da numfashi? Ya so ya tambaya, amma ta riga ta fara dukan goshinta tana kiran kanta sakarya, kuma kalma ɗaya daga bakinsa za ta isa ta daina.

Maƙwabciyarsu mai ɗinki ta shigo, igiyar awo rataye a wuya.

"Jiya na ɗauka katangarku ce ta faɗi, na ce tsoho ya ji kunya."

Ta tsinci wani guntu mai shatin yatsa a jiki, ta kai shi kusa da ido, ta dubi hannun yarinyar.

"Ke 'yar nan, yaushe babban yatsanki ya yi wannan faɗin?"