Ganɗar Lujain da Kwana Ukun Zaitun

Da farko na ɗauka bushiya ce. Wani sauti ne siriri, fuu, fuu, ya tsaya, ya sake dawowa, kamar butar shayi da ke son tafasa amma wuta ta yi mata kaɗan. Na tashi zaune ina murna, don maƙwabcina Abu Tahsin ya taɓa rantsuwa cewa ya ga bushiya tana hawa matakala, ni kuma shekara goma ke nan ina jiran in gani da idona. Na laluba tocila na fita a hankali.

Jikata ce, Lujain, 'yar shekara biyar, zaune a matakalar da ke hawa saman rufi. Gwangwanina na alewa yana buɗe a gefenta. A cikinsa nake tara abubuwan da ke ba ni mamaki: dutse mai huda, ƙwallon zaitun da ya zo tagwaye, haƙorin jaki, kwabon zamanin Turkawa, da wani usur na yumɓu mai siffar tsuntsu da na saya a birnin Halil. Usur ɗin ne a bakinta. Tana hurawa iya ƙarfinta, iskar kuma tana fita ta hanci.

"Nini, tsuntsun nan ya lalace," in ji ta.

Sidi take son cewa, yadda kowane jika ke kiran kakansa, amma tun da ta fara magana Nini yake fitowa. Na karɓa na hura, tsuntsu ya yi kuka sarai.

"Kai kaɗai yake so."

"Tsofaffi yake so, ba ya kula 'yan mata masu yawon dare. Kawo hancin nan."

Na matse mata hanci da yatsu biyu, ta hura, tsuntsu ya yi wata 'yar ƙara. Ta yi dariya har na rufe mata baki kada uwarta ta farka. Ina mayar da kayan cikin gwangwani sai tocila ta haska wani kati ruwan hoda da ya faɗo daga ƙasansa. Ba ta iya karatu ba tukuna. Ni ma karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma wannan katin na haddace shi.

An haifi Lujain da tsagaggen leɓe. Tsagar ta tashi daga leɓen sama ta shiga hanci, ta ciki kuma ta raba ganɗa, wato rufin baki, har can baya. Idan tana shan nono sai ka ji ɗas, ɗas, madara tana dawowa ta hanci. Uwarta Haniya, matar ɗana Ziyad, da cokali ta yi ta ɗura mata wata uku. Ni kuwa in faɗi gaskiya, nakan zauna in yi ta leƙen bakin jaririyar idan tana hamma, ina mamakin yadda mutum zai hangi cikin hanci ta baki.

Umm Tahsin, matar maƙwabcina, ita ta fara cewa husufi ne. Lokacin da Haniya ke da ƙaramin ciki an yi husufin wata, ni kuma na tashe ta na ce ta hau rufi ta gani, don irin wannan ba kullum ba ne. Ta hau da wuƙa a hannu, tana yanka rumman. Umm Tahsin ta ce duk mai cikin da ta riƙe ƙarfe mai kaifi a gaban wata da aka kama, to abin da ke cikinta ma ya yanku. Ban taɓa musa mata ba.

Tana wata huɗu likitocin waje suka zo asibitin birni, irin waɗanda ke zuwa sau biyu a shekara su yi mako guda su koma. Suka ɗinke leɓen, sai ɗan zare fari ya rage. Suka ce ganɗa sai ta cika shekara, kafin ta fara magana, suka ba mu katin nan. Ziyad yana aikin gini can nesa, sai bayan mako biyu yake kwana gida, don haka lambar wayata aka rubuta.

Wayar ta zo ranar wata Lahadi a watan zaitun. Wata mata ta ce likitocin sun iso, a kawo yarinya ranar Talata, uwa za ta kwana biyar da ita. Na ce to, in Allah ya yarda.

Itatuwanmu na zaitun sittin da biyu suna bayan shingen sojoji. A wannan shekarar kwana uku aka ba mu, Talata, Laraba, Alhamis, sojoji su buɗe ƙofa da safe su rufe da la'asar. Suna biyu ne a takardar izini, nawa da na Haniya, don an hana Ziyad. Ni kaɗai da wannan bayan nawa ko itace goma ba zan gama ba, kuma gonar da aka bari ba a taɓa ba, kowa ya san ƙwace ta ake yi. Na zauna a gindin ɓaure ina juya waya a hannu. Na ce wa kaina leɓe dai an gyara, wanda ake gani ke nan. Na ciki wa zai leƙa? Likitoci za su dawo da bazara. Zaitun ba ya jiran bazara.

Haniya tana shanya na same ta.

"Asibiti sun bugo. Sun ce an ɗaga sai bazara."

"An ɗaga, Ammi? Me ya faru?" Haka suruka ke kiran uban miji a wurinmu.

"Wai babban likitan ne bai samu shigowa ba."

Ta ci gaba da shanya. Muka bar jaririyar wurin Umm Tahsin, muka yi kwana uku muna tatsar rassa. Man wannan shekarar ya yi kyau, kore shar, yana kama maƙogwaro. Na tuna har na yi ta yabonsa a gaban baƙi.

Da bazara aka rufe hanyoyi, likitoci ba su zo ba. Bayan nan Haniya ta je birni ita kaɗai ta dawo ta ce an sa sunan a sabon layi. Layin bai taɓa isowa kanmu ba. Wata shekarar su zo su yi kwana uku, wata shekarar ko ɗuriyarsu. Lujain ta fara magana, kalmominta duka ta hanci. Mu na gida muna ganewa. Yaran makarantar rainon da take zuwa suna kiranta agwagwa, ta daina ɗaga hannu. Ni kuma na riƙa jin daɗin Nini, ina sa ta maimaita wa baƙi.

Washegarin daren usur na sami Haniya tana murza ƙullun gurasa. Na ce na ji ana cewa yanzu akwai likita ɗan gida a asibitin birni, mai ɗinkin ganɗa, ba sai an jira na waje ba.

"Na sani, Ammi. Na rubuta ta tun watan jiya. Ranar Laraba za a duba ta."

"Ba su bugo mini ba."

"Lambata na ba su."

Ba ta ɗago ba. Na ce zan raka su, ta ce yadda na ga dama.

Likitan, Dakta Hazim, yaro ne da bai wuce sa'an Ziyad ba. Ya ce shekara shida ya yi yana riƙe wa baƙin likitocin almakashi kafin su sakar masa hannu. Ya sa Lujain ta ce baba, ta ce kofi, ta hura auduga a tafin hannunsa. Audugar ko motsi. Ya haska bakinta ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Likita, in tambaye ka. Husufin wata yana kawo wannan?"

Ya yi murmushi. "Hajji, wata yana da aikinsa. Duk yaro ɗari bakwai sai a sami ɗaya haka, ko a ƙasar da mata ba sa hawa rufi. Wa ya gaya maka?"

"Maƙwabciya."

"Ka gaishe ta. Ka ce ta sallami wata, ba shi da laifi."

Shekara biyar ina ɗauke da maganar husufin nan, ya sauke mini ita cikin dariya. Ban ji sauƙi ba ko kaɗan. Ashe da ita nake rufe ɗayar, maganar wayar nan.

Ya ce ganɗar zai rufe ta, wannan ba ya ba shi tsoro. Abin da ya fi damunsa maganar ce. Yaron da aka yi wa yana shekara ɗaya, da rufaffen baki yake koyon magana. Ita kuwa harshenta da maƙogwaronta sun riga sun koyi wata hanya, sai an warware an sake koya musu. Akwai malamar magana da ke zuwa ƙaramin asibitin ƙauyenmu duk Talata. Shekara biyu, ko uku. Wasu haruffan ƙila su fito, wasu ƙila su tafi da ita har girma.

Ma'aikaciyar jinyar da ke gefensa, wata dattijuwa mai tabarau da ake kira Sitt Maisun, tana ta buɗe tsohon fayil. Da ta yi magana na gane muryar, ita ce ta bugo mini waya a waccan Lahadin.

"Ai wannan tana cikin jerinmu tun tana shekara ɗaya. Ga shi da hannuna na rubuta. An kira, kakan ya amsa, ba su zo ba. Gado ya kwana babu kowa."

Kafin in haɗa kalma Haniya ta ce, "Hanya ce aka rufe mana a ranar."

"Allah ya isar mana da hanyoyin nan," in ji Sitt Maisun. Ta rufe fayil. "Shi ya sa yanzu lamba biyu muke karɓa, kuma uwa muke kira. In ba ta zo ba mu sake kira, in ta kama mu aika mota. Kada ka ji haushi, Hajji, kakanni mantuwa gare su."

Na dubi Haniya. Tana gyara wa Lujain igiyar takalmi. A nan na gane abin da aka gaya mata ranar da ta je birni ita kaɗai, shekara huɗu da suka wuce. Ta dawo ta dafa mini mujaddara, shinkafa da ƙananan wake, da daren nan, ta wanke mini kaya washegari, ta ci gaba da kirana Ammi. Duk watan zaitun tana kan tsani ina ƙasa ina riƙe mata.

A motar dawowa na ce, "'Yata."

"Bari, Ammi. Yarinya na ji."

Ranar aikin Ziyad ya samu ya zo. Awa uku muka yi a baranda, ni da shi a benci ɗaya. Na shirya maganar tun a gida, na san da wace kalma zan fara. Na ce, "Ziyad, akwai abin da nake so ka sani." Ya juyo da jajayen idanu. A bayansa akwai wani akwatin gilashi mai kifaye da aka ajiye don yara, cikinsu ɗaya yana iyo a kife, cikinsa a sama, kuma da ransa. Na ji bakina yana cewa, "Dubi wancan kifin."

"Yaba, don Allah," in ji shi, da sunan da ɗa ke kiran uba, ya mayar da kansa ƙasa.

Aikin ya yi kyau. Bayan kwana biyar muka dawo gida da sharuɗɗa: abinci mai ruwa, ba cokali mai kaifi, ba hura komai sai bayan wata guda. Na ɗora usur ɗin a saman kabad inda za ta riƙa ganinsa. Katin kuma yana aljihun rigata, na kasa mayar da shi gwangwani, na kasa yagawa.

Da yamma maƙwabta suka shigo barka. Abu Tahsin ya kawo tiren kunafa mai zaƙi, ya ce tunda mai jinya ba ta ci, shi zai ci rabonta don lada. Lujain tana kwance a cinyar ubanta. Abu Tahsin ya ce mata, "To, amarya, kira mana tsohon nan mu ji sabon baki." Ta dube ni, ta buɗe baki a hankali.

"Nini."

Aka yi dariya. Ziyad ya ce likita ya ce sai a hankali, da an yi tun tana ƙarama ne da ba a sha wannan ba, amma Allah bai nufa ba, likitocin ne suka ɗaga a waccan shekarar. Na gaya wa Umm Tahsin saƙon likita game da wata. Ta ce likitocin yanzu ba su san komai ba sai allura, ta karɓi gahawa daga hannun Haniya, ta kurɓa. Sai ta tsaya da kofin a hannu tana ƙirga wani abu da yatsu.

"Tsaya, Ziyad. Wace shekara ka ce? Ba shekarar da kuka bar mini ita kwana uku ba, kuna zaitun? Ai a makon nan aka yi wa jikan ƙanwata nasa aikin, na can ƙauyen gabas, har na aika musu da ƙwai. Yanzu yaron har kiran salla yake koya." Ta dubi Haniya, ta dube ni. "To ku wa ya ce muku an ɗaga?"

Haniya ta ci gaba da zuba gahawa a kofin da ya riga ya cika. Ziyad ya ɗago kai yana kallona.