Daƙiƙa Uku na Malam Sale

"Ba inda za ni," in ji Inno. "Ka ce wa direban ya kama hanya."

Alu, ƙanin mijinta, yana tsaye bakin ƙofa yana huci. Motar albasar da ta sauke kaya a kasuwar Mile 12 za ta koma Arewa, ya samar wa Inno gurbi a gaba. Haka muke yi a Agegen Legas: idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a kai mutum gida ya cika cikin dangi.

"Yaya, ki ji tsoron Allah. A gaban talabijin za ki mutu?"

"A garinku akwai wuta?"

"Babu."

"To ka ji amsarka."

Ɗakina jikin nata yake, don haka na san abin da ya riƙe ta. Mijinta Malam Sale ɗan dako ne. Ranar rikicin Ketu ya fita kasuwa bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba a rayuwarsa. Amma mako guda kafin rikicin, a shirin farashin kaya da ake nunawa duk Alhamis bayan la'asar, Inno ta gan shi ya gifta da kwandon tumatir a ka. Daƙiƙa uku, ya wuce.

Sai Florence mai kitso ta gaya mata cewa 'yan talabijin malalata ne, sukan maimaita tsohon hoto. Shi ke nan. Inno ta sayar da injin markaɗenta ta sayi bidiyo. Shekara biyu tana ɗaukar shirin nan, har da labaran rana ko za a dace. Kaset ya cika ƙarƙashin gado, ya hau kan kwanuka. In an ɗauke wuta ranar Alhamis, tsinuwarta har titi ake ji. 'Yan gidan suka sa mata suna Hajiya Bidiyo, ta ce ta gode, dama ba ta je Makka ba.

Alu ya tafi da fushinsa. Ta kira ni, numfashinta na fita da ƙyar.

"Juwairiyya, jan maɓallin nan ne na ɗauka. In kin kamo Malam Sale, ki karya ɗan kunnen nan na bayan kaset, kar wani sakarai ya ɗora fim a kansa."

"Ke za ki karya da hannunki, Inno."

"Abeg, bar yi min daɗin baki."

Ta cika ranar Talata da hantsi. Sadakar uku ta faɗo Alhamis. Mata sun cika ɗakin, an lulluɓe talabijin da zane kamar yadda ake yi. Da aka idar da la'asar na tashi na yaye zanen, na kashe murya, na danna jan maɓalli. Salati ya ɓarke. Alu ya baro tabarmar maza ya leƙo.

"Ke! Gidan makoki ne ko silima?"

"Malam Alu, amana ta ba ni. In zunubi ne, ni za a rubuta wa."

Ban matsa ba. Ranar kuwa ba a nuna komai ba sai buhunan gari. Na ji kunya, na kuma ji haushin masu murmushi. Alu ya ce tunda haukar ta koma kaina, in kwashe tarkacen duka. Na kwashe.

A Alhamis ta biyar tumatir ya yi tsada, 'yan talabijin suka ɗauko tsohon hoton nan, ni kuwa ina ɗauka. Na yi kuka har Florence ta zaci wata rasuwar aka yi.

Ranar sadakar arba'in na aika a kira Alu. Ya zo yana cin magani, ya ƙi zama. Na kunna. Ga Malam Sale da kwando a ka, hularsa soke a aljihu, ya waiwayo yana yi wa wani dariya, ya wuce.

Alu ya lalubi bakin gado ya zauna.

"Maido shi baya," ya ce.

Sau bakwai ina maidowa. Sannan na fitar da kaset ɗin, na miƙa masa, na nuna masa ɗan kunnen. Ya sa farce ya karya, ya daɗe yana kallon ɗan guntun baƙar robar a tafin hannunsa.